Tokarev TT-33: daga hannun soja zuwa hannun farar hula

Ƙaramar bindigar da za mu duba a nan ba libarba ba ce, don ba ta da gangar harsashi mai juyawa. A Tula aka ƙera ta domin sojan Tarayyar Sobiyet. Tana cin harsashi 8, kuma ba ta da makullin kunama. Makarov ta gaje ta a 1951. Da ƴan kasuwa suka fara shigar da ita Amurka, ƙa'idojin da suka biyo bayan dokar 1968 sun tilasta a ƙara mata makulli. Daga nan kukan masu ita ya taso: wani makullin sako-sako ne, sannan hudar da aka yi mata ta karya darajarta wajen masu tara kayan tarihi. A ganinmu, kuka na biyu ya fi ƙarfi, tunda huda ba ta gyaruwa.