Yadda mutanen Japan ke girmama kakanninsu: butsudan, ihai da bikin Obon

Jama'a, yau na kawo muku bayani kan al'adar Japanawa game da mamatansu. Ba don mu kwaikwaya ba, addininmu daban, nasu daban. Sai dai akwai abin dubawa a ciki ga duk wanda neman abinci ya raba shi da garinsu.

Addini biyu a gida ɗaya

Japan na da addinin gargajiya, Shinto, inda ake bautar abubuwan da suke kira kami. Addinin Buda kuma ya shigo musu daga Koriya a ƙarni na 6. Yawancinsu suna haɗa biyun ne: murnar haihuwa a wurin bautar Shinto, harkar mutuwa a hannun malaman Buda. A ƙarni na 17 gwamnatin Tokugawa ta tilasta wa kowane gida yin rajista da wani wurin bautar Buda domin daƙile Kiristanci. Tun daga nan kowace zuriya ta samu inda kabarinta yake.

Kayan da ake ajiyewa

Butsudan wani ɗan kabad ne na katako mai ƙofa. A cikinsa ake jera ihai, wato ƙananan alluna masu ɗauke da sabon sunan da malamin Buda ya raɗa wa mamaci. Da safe a zuba ruwa ko shayi, a ajiye dafaffiyar shinkafa, a kunna turare, a kaɗa 'yar ƙararrawa. Wani ma har labarin gida yake ba mamacin, ya ce yaro ya ci jarrabawa ko an samu ƙaruwa.

Kamidana kuwa kanta ce ta Shinto da ake kafawa sama a bango. In aka yi rasuwa sai a rufe ta da farar takarda, don a wurinsu mutuwa ƙazanta ce da bai kamata ta kusanci kami ba.

Fiye da kashi 99 cikin 100 na gawarwakinsu ƙonawa ake yi, a sa ƙasusuwan a kabarin zuriya. Ana taron tunawa a kwana na 49, sannan a wasu shekaru ƙididdigaggu, galibi har zuwa taro na 33. Daga nan an ɗauka mamaci ya shige cikin jerin kakanni.

Bikin Obon

A mafi yawan ƙasar ana yin sa daga 13 zuwa 16 ga Agusta, amma a Tokyo a watan Yuli. Sun yi imani ruhohin kakanni na zuwa gida ziyara. Ana kunna wuta a ƙofar gida don tarbarsu, a wanke kabari, a yi rawar bon odori. Daren 16 ga Agusta ana hura manyan wutar rakiya a kan duwatsu biyar da ke kewaye da Kyoto.

Abin da ya fi burge ni, a matsayina na ɗan mai fataucin shanu, shi ne dabbobin da suke haɗawa. A soka wa kokwamba tsinke huɗu, ta zama doki, don kakanni su iso da sauri. A yi wa yalo haka, ya zama saniya, don su koma a hankali ɗauke da tsaraba. Duk wanda ya taɓa kora shanu ya san ba a yi musu gaggawa.

Inda matsalar take

Lokacin Obon jiragen ƙasa da tituna kan cika maƙil, kamar tashar mota ana gobe Sallah. To amma matasa sun tare a birane, haihuwa ta ragu, ƙauyuka sun zama na tsofaffi. Kabarin da ba mai kula da shi ana kiran mamatansa muenbotoke, wato marasa dangi. Shi ya sa iyalai da dama ke yin hakajimai: su rufe kabarin ƙauye, su kwaso ƙasusuwan zuwa birni, ko su biya wurin bauta ya riƙa kula da su.

Mu da ke Agege, Sabon Ibadan ko Fatakwal, tambayar da wannan ya bar mini ita ce: yaranmu da aka haifa a nan, nawa ne za su iya faɗin sunan kakan babansu da garin da aka binne shi?