Gayya da Rumbun Tsimi a Ƙasar Kazaure

A ƙauyukan Kazaure, Roni da Gwiwa, inda damina ba ta da tsawo, taimakon juna ya girmi kowace ƙungiya mai rajista. Idan ciwo ya kwantar da magidanci ana tsakar noma, sai a kira gayya: samari su fito da garma da fartanya, makaɗi na zuga su da gangar noma, mai gona ya kawo fura da goro. Ba lada kaɗai ake nema ba, biki ne, wanda ya ƙi fita yau ya san tasa ranar na tafe. Amma ƙarfin wannan tsari bai taɓa rataya a kan kirkin zuciya kaɗai ba. Yana rataye ne a kan rarar hatsi.

Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda a ƙasar Kano ake kira Kakalaba, ita ce shaida. Fari ba baƙo ba ne a nan, shi ya sa magabata ke ajiye rumbun tsimi, sarakuna kuma ke tara zakkar hatsi. Abin da ya sauya shi ne bayan Turawa sun ci Kano a 1903 haraji ya koma na tsabar kuɗi, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta yi daraja. Manomi ya riƙa sayar da geronsa da kaka, lokacin da ya fi araha, don ya sallami mai karɓar haraji. Da ruwa ya ɗauke, maƙwabcin da za a je wa rance shi ma rumbunsa wayam, ga mutanen Damagaram na kwararowa kudu. Gayya na iya ɗaga gida ɗaya da ya faɗi, ba ta iya ɗaga gari.

Za a ce ai zumunci ne ya yi sanyi. Da haka ne, da a farin 1972 zuwa 1974 ba a ga 'yan ci-rani na aiko da hatsi daga birni ba, ko dangi na karɓar riƙon 'ya'yan 'yan'uwa. Niyyar tana nan, abin bayarwa ne ya ƙare. Wanda kuma ya ce ana ƙawata gayya fiye da kima yana da tasa gaskiyar, domin masu sarauta sun sha kiran talakawa noman gandunsu da wannan suna, ba tare da ramawa ba. Sai dai talaka bai taɓa rikita wannan da gayyar maƙwabci ba, aikin tilas yake ce mata.