Sarkin da ya la'anci kansa: gatse a wasan kwaikwayon Girkawa

A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), mutanen birnin Atina kan taru kowace shekara, wajen ƙarshen watan Maris, domin bikin gunkinsu Diyonisos. Marubuta 3 ne ke karawa a gasar, kowane da wasanni 3 na ban tausayi da guda na raha. Maza kaɗai ke hawa dandali, fuskokinsu a rufe. Ba kasafai ake zubar da jini gaban jama'a ba, manzo ne ke zuwa ya faɗi abin da ya auku. Kusan dukkan labaran kuwa tsofaffi ne, ƴan kallo sun san ƙarshensu tun daga gida. To, me ke zaunar da su?

Amsar tana cikin wasan Sarki Edip, wanda Sofokil ya shirya wajen shekara ta 429, jim kaɗan bayan annoba ta faɗa wa Atina a 430. A wasan ma annoba ce ta addabi birnin Teb, kuma ba za ta gushe ba sai an hukunta wanda ya kashe tsohon sarki Layos. Edip ya la'anci makashin, ya yi alkawarin bin kadin jinin kamar na mahaifinsa. Jama'a sun san shi ne makashin, Layos kuwa ubansa ne.

Manazarta sun bambanta gatse iri 3. Akwai na baki, inda mutum ke faɗin kishiyar nufinsa da gangan. Akwai na al'amari, inda aiki ke haifar da akasin abin da aka nufa: manzon da ya zo daga Korint don kwantar wa Edip da hankali shi ya fara tona asalinsa. Na ukun shi ne na dandali, inda mai kallo ya fi mai magana sanin ma'anar furucinsa. Edip ya goranta wa boka Tiresiyas makanta, ƙarshe ya tsiyaye idanunsa da hannunsa.

Girkawan ba su kira wannan dabara gatse ba. Makalar Connop Thirlwall, masani ɗan Ingila, ta 1833 ce ta yaɗa wannan fassara. Amma ƴan Atina, masu zaɓen shugabanninsu, sun ga darasin da idonsu: sarki mai kaifin basira da son talakawa ya zartar da hukunci kafin ya san kansa. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Sofokil ya zaunar da talaka cikin haske, yana kallon mai mulki na lalube.