Hayaƙin Faransa da uraniyom ɗin da ya ratsa Arewa

Ƙasashe masu arziki ba ɗaya suke ba wajen hayaƙin da ke ɗumama duniya. A shekara, Ba'amurke guda yana fitar da wajen tan 14 na iskar karbon, Bajamushe wajen tan 7, Bafaranshe bai kai tan 5 ba. Mi ya kawo wanga bambanci? Wani sashe na amsar ta hanyarmu ya bi.

A 1973 kuɗin man fetur ya yi tashin gwauron zabi. Faransa ba ta da mai, sai a 1974 firaminista Pierre Messmer ya fito da shirin gina tashoshin nukiliya. Yau wajen kashi biyu cikin uku na lantarkin Faransa daga nan yake fitowa, ba tare da ƙona gawayi ba. Jamus kuwa ta daɗe tana dogaro da gawayin ƙasa, kuma ta rufe tashoshinta na nukiliya na ƙarshe a 2023.

To, nukiliya sai da uraniyom. Somaïr ta fara haƙo shi a Arlit a 1971, Cominak ta biyo baya a Akokan a 1978, har ta rufe a 2021. Shekara da shekaru manyan motoci sun yi ta ɗauko shi, su biyo Tawa da Ƙonni, su ratsa Dogondutsi da Doso, su ƙetare Gaya su nufi tashar ruwan Kwatano.

Ga inda gizo ke saƙa. Wutar da ma'adinan ke aiki da ita, Sonichar ce ke ba da ita tun 1981, da gawayin Anu Araren da ake ƙonawa kusa da Cirozerin. Tun yarjejeniyar Kyoto ta 1997, inda hayaƙi ya tashi can ake rubuta shi, ba inda aka ci moriyar kayan ba. Ke nan hayaƙin gawayin ya hau littafin Nijar, wuta mai tsabta ta hau na Faransa.

Haka abin yake da sauran kaya. Bayan Sin ta shiga Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 2001, masana'antu da dama sunka koma can. In an lissafa da kayan da Faransa ke sayowa waje, kusan rabin hayaƙin da rayuwar mutanenta ke jawowa a wasu ƙasashe yake tashi.

Mu fa? Ɗan Nijar wajen kashi ɗaya cikin goma na tan guda yake fitarwa. Amma manomin hatsi na Ɗan Kassari ko Tibiri shi ke zuba ido ga damana mai zuwa a makare, ta ɗauke da wuri. Don haka in kun ji wata ƙasa tana yabon kanta da rage hayaƙi, ku tambaya: ragewa ta yi, ko wuri ta sake mishi?

Allah ya ba mu damana mai albarka.