Yadda Ɗakin Gaggawa Ya Zama Fannin Ilmi

Duk wanda ya daɗe yana aiki a ɗakin gaggawa na asibiti ya san cewa wannan sana'a tamu, wadda a yau take da malamanta da almajiranta da littattafanta, a da aiki ce da manyan likitoci suke yi wa kallon raini, suna bar wa yaron da bai daɗe da barin makaranta ba, alhali kuwa nan ake kawo waɗanda ransu yake hannun Allah.

A Ingila, Maurice Ellis, wanda ya yi aikin likita a Nijeriya zamanin Turawa, shi ne babban likita na farko da aka ba riƙon wannan sashe a matsayin aikinsa na dindindin, a asibitin birnin Leeds, cikin 1952. A Amurka kuwa, a 1961 ne James Mills da abokansa uku suka sallami majiyyatansu na yau da kullum, suka tare a ɗakin gaggawa na asibitin Alexandria, a jihar Virginia. Bayan shekara biyar majalisar masana kimiyya ta ƙasar ta fitar da rahoto mai ɗaci, wanda ya bayyana cewa kusan rabin aikin ɗauko marasa lafiya yana hannun masu sana'ar jana'iza ne, domin su ne suke da motar da mutum zai miƙe a ciki. Daga nan al'amari ya kankama: aka kafa ƙungiyar likitocin gaggawa a 1968, Jami'ar Cincinnati ta fara horar da su a 1970, a 1979 kuma hukuma ta yarda fanni ne mai zaman kansa.

Tartibin da muke karantar da almajirai a kan wanda ya yi haɗari, wato a fara buɗe masa hanyar iska, a duba numfashi, sa'an nan a tsayar da jini, kafin a waiwayi karayar da take ɗauke ido, asalinsa musiba ce. A 1976 jirgin saman James Styner, likitan ƙashi, ya faɗi a Nebraska, matarsa ta rasu nan take, 'ya'yansa suka jikkata, kuma abin da ya gani na rashin shiri a ƙaramin asibitin da suka isa shi ya haifar da darasin da aka fara koyarwa a 1978.

Amma abin da ya ɗaukaka darajar fannin, a ganina, shi ne jurewar da ya yi wa hujja, ko da ta rushe abin da aka yi ijma'i a kansa. Shekara da shekaru, in aka kawo mana yaro da zazzaɓi mai tsanani, hannuwansa sun yi sanyi, bugun jijiyarsa da ƙyar ake ji, uwarsa tana tsaye da zanen goyo a hannu, ba ma jinkiri sai mu ɗura masa ruwa da sauri, muna ganin ya farfaɗo, mu yi hamdala. Sai a 2011 Kathryn Maitland da jama'arta suka bayyana sakamakon bincike a kan yara 3,141 a Yuganda da Kenya da Tanzaniya, inda waɗanda aka ɗura wa ruwan da gaggawa suka fi mutuwa cikin kwana biyu, sama da 10 cikin ɗari, a kan 7 cikin ɗari na waɗanda aka ba sannu a hankali. Shekara guda kafin haka, wani bincike mai majiyyata fiye da 20,000 a ƙasashe 40 ya tabbatar da cewa allurar tranexamic acid, mai araha, tana rage mutuwar masu zubar da jini, muddin an yi ta da wuri.

Fannin ya iso Afirka a makare, Afirka ta Kudu ta amince da shi a 2003, asibitin Komfo Anokye na Kumasi ya fara horarwa a 2009. Saboda haka kirana ga almajiranmu shi ne, kada su wadatu da taƙlidin littattafan wasu ƙasashe, su riƙa rubuta abin da ya sami kowane majiyyaci da amana, domin da irin wannan rubutu ne ake gane maganin da yake ceto da wanda yake cutarwa.