Fijo 504: Motar da Ta Ci Safari, Ta Kuma Riƙe Hanyoyin Bagudo

Duk makaniken da ya koyi aiki a ƙasar Bagudo kafin motocin Japan su cika gari, a kan Fijo 504 ya buɗe ido. A wancan lokacin ita ce ke ɗaukar fasinja da buhunan hatsi daga Lafagu da Tsamiya, ta tsallaka zuwa Segbana a ƙasar Benin ta dawo, damina da rani. Abin da yawancin yaran gareji ba su sani ba shi ne, wannan motar da suke kwanciya a ƙarƙashinta ta taɓa kayar da manyan motocin tsere na duniya.

A 1968 kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa, da jikin da gidan Pininfarina na Italiya ya zana, kuma a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai. Injinta mai silinda 4 ne, da farko 1.8, daga baya ya koma lita 2. Ba inji ne na a zo a gani ba. Sirrinta yana ƙasa. Tayoyin baya ne ke tura ta, cikinta ya yi nesa da ƙasa, safirin da shokobzoba ɗinta suna da dogon zango, sai ta faɗa rami ta fito ba tare da ta buga ciki ba. Farfelarta kuwa a cikin bututun ƙarfe take, tun daga giya har aksul, dutse da laka ba sa samunta, kuma bututun ne ke ɗaukar ƙarfin turawar. Wanda ya taɓa sauke wannan bututu ya san wahalarsa, amma ya san kuma dalilin da ya sa ba a cika sauke shi ba.

A ganina, shekarar 1975 ce ta nuna ko wace ce 504. A tseren Safari na ƙasar Kenya, mai tsawon fiye da kilomita 5,000 cikin ƙura da taɓo, kamfanin Lancia ya zo da Stratos, motar da aka ƙera don tsere kawai, mai injin Ferrari, wadda ke riƙe da kambun duniya a lokacin. Ta fi Fijo gudu nesa ba kusa ba. Amma Ove Andersson ɗan Suwidin ne ya zo na ɗaya a cikin 504 mai ƙofa 4, Sandro Munari da Björn Waldegård suka biyo shi a Stratos. A wannan shekarar dai Hannu Mikkola ya ci tseren Maroko da ita, kuma wanda ke karanta masa hanya shi ne Jean Todt, wanda daga baya ya jagoranci Ferrari, ya kuma shugabanci hukumar tseren motoci ta duniya.

Bayan haka aka koma kan mai ƙofa 2, wadda aka sa wa inji mai silinda 6 da Peugeot da Renault da Volvo suka haɗu suka ƙera. Da ita Jean-Pierre Nicolas ya ci Safari a 1978, ya ƙara da tseren Bandama na Kodebuwa, tseren da tsananinsa ya kai a 1972 ko mota guda ba ta kai ƙarshensa ba.

Hujjar duk waɗannan nasarori ɗaya ce, kuma mu masu gyara mun fi kowa saninta. A hanyar Afirka, motar da ba ta tsayawa ta fi motar da ke tashi sama, kuma in ta tsaya, a iya tayar da ita da sifana da filaya a gefen titi. Ba shakka motocin tseren an ƙara musu ƙarfi, an sa musu farantin ƙarfe a ƙarƙashin inji, amma ƙashin bayansu shi ne na motar haya.

A 1975 ɗin nan ne kuma kamfanin PAN ya fara harhaɗa Fijo a Kaduna. Gwamnati ta saya, 'yan kasuwa suka saya, kayan gyara suka wadata har a ƙananan kasuwanni. Faransa ta daina yin 504 tun a shekarun 1980, Kaduna ta ci gaba har tsakiyar shekarun 2000. Abin da ya karya ta shi ne kwararar motocin da aka yi amfani da su a Turai, waɗanda ake saukewa a Kwatano a shigo da su ta kan iyaka, masu araha da ƙarancin shan mai. Ba na ganin laifin direban da ya canza, lissafin fetur ne ya tilasta masa.

Abin da ke damuna shi ne ilimin da ke tafiya tare da ita. Yaro yanzu sai ya jona kwamfuta kafin ya san ciwon mota, alhali tsofaffinmu da kunne suke saita kabureta. Masu gareji a Bagudo da Kaoje, in har akwai sauran 504 a wajenku, kada ku sayar wa masu gwangwan. Ku bar yara su kwance injinta su mayar da hannunsu.