Doki: daga fagen fama zuwa hannun mata

A ƙasar Dakoro, daga Kornaka har Birnin Lalle, doki na sarakuna ne da mazaje: jiya yaƙi, yau hawan salla da sukuwa. Haka yake a Faransa, kafin tankar yaƙi da tarakta su ƙwace masa aiki. Maza suka bi inji, mata suka kama linzami. A 1952 aka fara barin mata shiga gasar dawaki ta Olamfik. Yau a Faransa, cikin mahaya 10 masu rajista, wajen 8 mata ne. Mu ma babur ya shigo, dawaki na raguwa a turke. Sarauniya Amina ta Zazzau bisa sirdi ta yi suna. Mai son dokin gidansu ya ɗore, ya koya wa ɗiyarsa hawa.